Tsagar Shafara a Fuskar Ciroma

Masu riƙe da tarihin Gandaya, in sun iso kan zamanin Sarki Ranau, sukan rage murya. Birni ne mai ganuwa mai kauri, mai rijiyoyi a ciki, mai 'yan baka da duk ƙasashen kewaye suka san zafin hannunsu. Amma a ƙarshen zamanin Sarkin nan, duk inda rundunar Gandaya ta gamu da ta Shafara, maƙwabtansu na kudu, labari ɗaya ake kawowa gida, labarin gudu. Shafarawa ba su fi su yawa ba, ba su kuma fi su makami ba. Dodanni gare su.

Wanda bai gani ba zai ɗauka ƙari ne irin na mayaƙan da suka sha kashi. In an ja daga, sai sahun Shafarawa ya dare biyu, wasu halittu su fito a jere, kowanne ya ɗara dogon mutum tsawo, jikinsa ciyawa tun daga ka har ƙasa, ba fuska, ba hannu, sai ƙaho. Suna tafe suna rangaji, suna wani gurnani da ke shiga ta kunne ya sauka a hanji. Doki in ya ji sai ya miƙe tsaye ya ka da mai shi. An sha harbinsu, kibiya ta shige cikin ciyawa ta tsaya cak, dodo ko waiwaye bai yi ba. Kuma ba a taɓa tsintar gawar ko ɗayansu a fagen fama ba.

Ciroma Tunau, babban ɗan Sarki kuma mai jiran gado, ya gan su da idonsa a yaƙin Kwargaba, ya kuma gudu kamar yadda kowa ya gudu. Tun daga ranar abinci bai sake yi masa daɗi ba. Yana tsoronsu har cikin ɓargo, yana kuma jin kunyar tsoron.

Damina na gab da faɗuwa, wata safiya, fatar babban tambarin fada ta tsage da kanta ba wanda ya taɓa ta. Kafin makaɗa su gama raɗe-raɗi, sai ga ɗan aike daga Maje, gari na ƙarshe da ke tsakanin Gandaya da abokan gaba, ƙafafunsa duk sun kumbura. Ya faɗi gaban Sarki a zauren majalisa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Maje ta faɗi. Ba a harba kibiya ba. Dodanni suka tsaya a bakin ƙofa suka yi kuka, masu gadi suka buɗe musu da hannunsu. Sarkin Shafara ya bar ni da rai don in kawo saƙo. Ya ce a gaya wa Sarkin Gandaya ya yi noma da kyau bana, in an gama girbi zai zo ya ci sabon gero a wannan zaure."

Fadawan nan da suka saba yi wa ko tarin Sarki amshi, yau kowa ya sami abin kallo a tabarmar da yake zaune.

Galadima Shekarau, dattijon majalisa, shi ya fara gyara murya. Ya ce, "Zaki, Bangon Gabas, ka yi mini izini in faɗi abin da samari ba za su so ji ba. Abin nan da muke yaƙa rikiɗa ce. Na ji daga iyayenmu cewa Shafarawa suna da alkawari da iskokin kurminsu. Mutum ya shiga kurmin da ƙafarsa, iska ta haɗiye shi, ya fito da wata halitta. Wanda ya rikiɗa ya bar jini da tsoka, to me kibiya za ta huda? Shawarata a aika musu da gaisuwa da shanu, a karɓi sharaɗinsu, mu tsira da mata da yara."

Ƙaura Arzika, shugaban yaƙi, ya yunƙura har takobinsa ya bugi ƙasa. Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, ina ganin girman furfurar Galadima, amma sunan da ya ba abin nan shi ne ke cin mu. Ni ɓad-da-kama nake kiransa. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya rarrafa cikin ciyawa yana kaɗa shi, har barewa ta ɗauka tsuntsu ne ya zo kiwo. Maharbin nan bai zama burtu ba, barewa ce ta yarda. Mu ma shigar burtu aka yi mana, muka yarda."

Galadima ya ce, "To, Ƙaura, da ka san haka, me ya kai dokinka gida kafin na kowa ran Kwargaba?"

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sarkin Baka Cindo, jagoran 'yan baka, abokin Ciroma tun suna wasan ƙasa, mutum ne mai zuciya a kusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya sunaye ba. A nuna wa mutanena ɗigon jini ɗaya daga jikin abin nan, na rantse da kabarin ubana ba mai sake juya baya. Amma muddin suna ganin kibiyarsu tana shiga ciyawa kamar ta shiga rumbu, ko ni aka ɗaure a gabansu ba za su tsaya ba."

Sarki Ranau na zaune, amawalin rawaninsa ya rufe bakinsa, idanunsa kawai ake gani. Can ya ce, "Galadima ya ce rikiɗa, Ƙaura ya ce ɓad-da-kama. In ta Galadima ce, mu buɗe ƙofa. In ta Ƙaura ce, mu wasa mashi. Cikinku wa ya leƙa ƙarƙashin ciyawar?"

Ba wanda ya amsa sai Ƙaura, shi ma murya ta yi laushi. Ya ce an sha aika 'yan leƙen asiri. Wani ya yi basaja da kayan fatake, wani ya tafi a makaho da sanda, wani kuma aka zana masa tsagar Shafarawa da baƙin tukunya da ƙaro, har uwarsa ba ta gane shi ba. Amma a ƙofar Shafara akwai tukunyar ruwan zafi da tsamiya, duk baƙon da ya zo sai an goge masa fuska. Kawunansu aka maido a cikin kwando. Kurmin da dodanni ke fitowa kuwa, ba mai taka shi sai wanda aska ta zana wa tsagar Shafara a fata.

Aka tashi majalisa ba a yanke kome ba.

Ga yadda tsagar take. Bagandaye zane uku-uku gare shi a kumatu, gajeru, ana yi masa ran suna. Bashafare kuwa zanensa rututu ne, sirara, daga gefen ido har bakin leɓe. Tunau na zaune a majalisa yana shafa kumatunsa, sai lissafin ya faɗo masa. Uku za su iya ɓacewa cikin masu yawa. Masu yawa ba sa komawa uku har abada.

Da la'asar ya nemi iso wurin mahaifinsa a soron ciki, ya roƙi a kira Sarkin Aska, babban wanzamin fada, a sallami kowa. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata Bashafara ce, an kawo maka ita lokacin da ake amana. Harshensu na sha a nono, na san sunayen kakanninta da unguwarsu. Abin da ya rage mini fuska ce, ita kuma ga mai yin ta."

Sarkin Aska ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Ciroma, ni na yi maka ukun nan da hannuna kana cikin zanen goyo."

Sarki ya ɗaga wa wanzamin hannu ya dakatar da shi. Ya dubi ɗansa ya ce, "Ciroma, ka san abin da kake roƙo? Mai basaja yakan dawo gida ya tuɓe, ya yi wanka, matarsa ta kawo masa tuwo. Wannan ba ta tuɓuwa. Ka san dokar gidan nan, mai tsagar wani gari ba ya hawa karagar Gandaya. Ko ni ban isa in sauya ta ba. In ka dawo, masu gadin ƙofarka ma mashi za su nuna maka."

Tunau ya ce, "Na sani, Baba. Amma in birnin ya faɗi bayan girbi, wace karagar zan hau? Ka tambayi majalisa wa ya leƙa ƙarƙashin ciyawa, ba wanda ya amsa. Ni ne ɗanka, ni ya kamata in amsa."

"Kana tsoronsu?"

"Ina tsoronsu ƙwarai."

Sarki ya juya fuska wajen bango, ya daɗe a haka. Da ya juyo sai ya ce da Sarkin Aska, "Ka wasa askarka. Gobe za a yi shela cewa Ciroma ya tafi gabas neman taimakon sarakuna. Bayan mu uku, ko Ƙaura, ko Cindo, kada wanda ya ji."

A wani rinjin Sarki, ƙauyen masu yi masa noma can cikin daji, aka yi aikin. Sarkin Aska yana yanka yana hawaye, yana cusa baƙin tukunya a miki, daga baya ya bi da man kaɗe kullum don tabon ya kwanta ya yi kama da na yarinta. Sai da gero ya fara fitar da kai sannan fuskar ta warke. Ran da Tunau ya fara fita, ya gamu da wata mata a bakin rijiya. Tana ɗaga ido ta saki guga da igiya, ta sheƙa tana ihun Bashafare ya shigo. Matar nan a gidan Sarki ta girma, ta sha kai masa fura. Tunau ya tsaya shi kaɗai a bakin rijiya, cikin murna da baƙin ciki, ya san aikin ya yi.

A ƙofar Shafara aka dirje masa fuska da ruwan tsamiya har ta yi ja, zane bai gushe ba. Ya ce shi ɗan wata baiwar Allah ne da aka kai arewa tun tana budurwa, ya jera sunayen kakanni, tsofaffin unguwa suka gyaɗa kai. Ana cikin shirin yaƙi, ga shi dogo, ga ƙirji, ba a daɗe ba ya sami kansa cikin runduna. Bai nemi kurmi ba, don ya lura mai nema ba a kai shi. Sai dai kullum shi ne na farko a wajen ɗaukar kaya, na ƙarshe a wajen magana. Wata rana wani tsoho siriri mai sanda ya tsaya a gabansa, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ya taɓa masa kafaɗa. Mayaƙan da ke kusa duk suka zube ƙasa. Magajin Kurmi ke nan, uban dodanni.

Da rana tsaka suka shiga kurmin, amma ciki kamar magariba. Itatuwa ne da ba a taɓa sa musu gatari ba, kowanne sai mutum goma su kasa kewaye shi, rassansu sun haɗe a sama sun hana rana. Ba kukan tsuntsu. Tunau na biye da tsohon, sai ya ɗaga kai ya ga dodannin. Suna rataye a rassa, jere, iska na kaɗa su a hankali, ƙahoninsu na kallon ƙasa. Sai da ya matsa sannan ya ga ba kowa a cikinsu, riguna ne na ciyawa da aka saƙa. A gindin itacen kuwa ga wasu ƙarti zaune suna cin tuwon dawa, ɗaya ya ɗaure haɓa da tsumma saboda ciwon haƙori.

Nan aka nuna masa kome. Ƙarƙashin ciyawa akwai sulke na fatar ɓauna ninki biyu da aka cusa wa auduga, shi ke shanye kibiya. Tsawon nan na takalman itace ne masu tudu, waɗanda sai an yi kwana da kwanaki ana koyon tafiya da su. Gurnanin kuwa daga wani ɗan kara ne da ake toshe bakinsa da farar yanar da gizo-gizo ke rufe ƙwansa da ita, in ka yi magana a ciki sai muryarka ta fito ba ta mutane ba. In ɗaya ya faɗi a fagen fama, na kusa da shi sukan rufe shi da jikinsu su janye shi, a binne shi a kurmi, a ce wa matarsa ya tafi fatauci.

Tunau ya ce a ransa, ashe Ƙaura ke da gaskiya. Amma Magajin Kurmi, kamar ya ji shi, ya ce, "Ɗana, kada ka ga tuwo da ciwon haƙori ka raina. Kowa ya shigo nan haka yake fara tunani, ya ce ashe riga ce. Ka bari sai ka sa ta. Daga yau ba ka da suna, ba ka da uwa. Wadda ta haife ka in ta gamu da kai a hanya durƙusawa za ta yi, kai kuma ba za ka ji tausayinta ba."

Ran da ya fara sa ta, aka fito da su zagayen gari. Duniya ta koma 'yar tsaga tsakanin ciyayi. Yana sama, mutane na ƙasa. Ya busa karan, muryar da ta kore shi daga Kwargaba ta fito daga ƙirjinsa, ya ga mata suna kifa fuska a ƙasa, ya ga wani jarumi mai gemu yana makyarkyata. Ya san fata ce da ciyawa da kara, da hannunsa ya ɗaura su, amma ya ji wani abu mai girma da sanyi ya zauna a kafaɗunsa, har ya ɗan manta ko shi wane ne. Da ya tuɓe ya daɗe zaune yana kallon tafin hannunsa. Ya gane Galadima ma bai yi ƙarya duka ba.

Yanzu ga gaskiya a hannunsa, sai dai ba hanyar kai ta gida. Al'adar kurmi ce, in an ɗaura yaƙi, wanda ya shiga ba ya fita shi kaɗai har ranar tafiya. An kewaye wurin da ƙaya, bayan ƙaya ga maharba da kibiya mai dafi. Ya gwada duba ko akwai kafa, babu. Yana ji ana girbi a gonakin kewaye, yana jin mata suna sussuka, kowane bugun taɓarya kamar a ƙirjinsa. Haka aka kwashe su a tsakiyar runduna, a lulluɓe, ba mai kusantarsu, har sai da ya hango ganuwar Gandaya ta tsagar ciyawa.

Abu ɗaya Shafarawa suka yi sakaci da shi, shi ma girmamawa ce ta jawo. A wurinsu haramun ne ido ya ga lokacin da mutum ke zama dodo, don haka safiyar yaƙi kowa bukkarsa daban yake shiga ya shirya shi kaɗai, ko Magajin Kurmi ba ya leƙawa. Tunau ya shiga tasa. Ya ɗauki sulken fatar ɓauna ya juya shi a hannu, ya ajiye a ƙasa, ya tura shi ƙarƙashin tabarma. Ya yi addu'ar da ya iya, ya zura rigar ciyawa a kan fatar jikinsa.

Rana ta ɗaga, runduna biyu suka fuskanci juna a fadamar da ke gaban ƙofar kudu. Sarki Ranau ya ƙi shawarar buɗe ƙofa, ya fito da duk wanda ke iya riƙe makami, ga laimarsa can a baya a kan tudu. 'Yan baka ne a gaba, Cindo na tsakiyarsu yana kai da kawowa yana yi musu tsawa. Sahun Shafarawa ya dare, dodanni suka fito, gurnani ya cika fadama. Daga sama Tunau yana ganin abin da bai taɓa gani ba, yadda tsoro ke bin sahu kamar iska a gonar dawa. Ya ga bakuna suna sauka. Ya ga na baya sun fara waiwayen ƙofa. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, wasu tare aka yi musu kaciya.

Ya fita daga jeri. Ya yi gaba shi kaɗai da manyan taku, ya ji gurnanin 'yan uwansa ya rikice a bayansa, don ba a taɓa yin haka ba. Sai da ya kai inda kibiya za ta same shi ya tsaya. Ya fito da hannuwansa daga cikin ciyawa, ya kama kan dodon mai ƙaho, ya cire, ya yar.

Ya zaci za su yi sowa. Sai ya ji wani ya ƙwala ihu, "Ya rikiɗa! Ya ari fuskar mutum!" Sahun Gandaya ya ja da baya gaba ɗaya, wasu suka watsar da kwari. Ashe fuska ba ta ishe su shaida ba, tunda sun san iska na iya aron kowace fuska.

Sunansa ya taso masa har kan harshe. Ya so ya ce ni ne Tunau, ni ne Ciromanku. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ya so faɗin wannan ba. Amma ya hango ƙarshenta. Masu tsoro za su ce dodo ya cinye Ciroma ya ɗauki muryarsa, su ƙara gudu. Cindo kuwa in ya gane shi, ko za a yanka shi ba zai ja baka ba. Ya haɗiye sunan. Ya karya harshe irin na Shafara, ya ɗaga murya yadda duk fadama za ta ji.

Ya ce, "Ina Cindo, Sarkin Bakan mata? Kai ne ɗan tsohon nan da mutanensa suka tattake a Kwargaba suna gudu? Mu muka tsinci gawarsa, kibiyarsa ko ɗaya bai harba ba! Mun ba karnukanmu, suka ƙi ci, wai naman matsoraci ɗaci gare shi. Ga ƙirjina, ɗan matsoraci. In ubanka ya haife ka, harba!"

Ya ga fuskar abokinsa ta sauya. Ya ga hannun nan da ya sani yana zaro kibiya, ba gaggawa, ya ga bakan ya tanƙwaru har kunne. Tunau ya buɗe ciyawar ƙirjinsa da hannu biyu don kada ta tare.

Bugun ya zo kamar an doke shi da taɓarya. Ya yi tangaɗi a kan takalman itace, ya yi ta maza ya tsaya, don yana so su gani da kyau. Jini ya ɓalle, ya bi busasshiyar ciyawa yana gangarowa, ja wur a cikin hasken hantsi. Fadamar nan mai dubban mutane ta yi tsit, har ana jin kukan shirwa a sama. Sannan ya faɗi, rigar ta yaye, takalman itace suka bayyana a sarari.

Muryar Ƙaura Arzika ce ta fasa shirun. "Jini! Jini ne! Mutane ne a kan itace! Ku sari ƙafafun! Ciyawa ce, ku kawo wuta!"

Irin ƙarar da ta tashi daga sahun Gandaya, waɗanda suka ji ta sun ce ba sowa ba ce, kukan mutane ne da aka daɗe ana yi musu wasa da hankali. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin kunnen Tunau. Ƙafafu suka yi ta wuce shi, wasu na tsallake shi, wasu na taka shi. Ya juya kai da ƙyar, ya ga kibiyoyi masu wuta suna sauka, ya ga dodo na farko ya kama da wuta yana ihu da muryar mutum, yana kiran sunan uwarsa. Sauran suka juya za su gudu, takalman suka harɗe su, suka yi ta zubewa a kan mayaƙansu. Shafarawa da kansu, waɗanda ba su taɓa sanin abin da ke cikin kurminsu ba, suka tsaya baki buɗe suna kallon ƙannensu da maƙwabtansu na fitowa daga cikin ciyawa, har mashin Gandaya ya iske su a tsaye.

Wata inuwa ta tsaya a kansa. Cindo ne, yana haki, idanunsa jajur. Ya ɗora ƙafa a kafaɗar Tunau, ya tofa masa yawu a fuska, ya ce, "Wa ye matsoracin yanzu, kare?" Tunau ya dube shi. Kalma ɗaya ta isa. Amma 'yan baka na can gaba suna jiran jagoransu, yaƙi kuma bai ƙare ba. Ya rufe ido, ya kawar da kai. Cindo ya yi tsaki ya ruga gaba.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a kwance ba. Ƙarar yaƙi ta yi nisa zuwa kudu, sanyi ya fara hawa ƙafafunsa. Sai ya ji rana ta daina dukan fuskarsa. Ya buɗe ido, ya ga laimar Sarki a kansa, ga fadawa sun kewaye, ga Sarki Ranau yana saukowa daga doki ba tare da ya jira an riƙe masa likkafa ba.

Galadima Shekarau ya ce, "Hattara, Zaki! Bashafare ne, wanda ya zagi Sarkin Baka. Kada ka kusance shi."

Sarki ya ce, "Na ga fuskarsa, Galadima."

Ya durƙusa a cikin jini da ciyawa, abin da ba a taɓa ganin Sarkin Gandaya ya yi ba. Ya ɗaga kan ya ɗora a cinyarsa, ya sa gefen alkyabbarsa ya goge yawun da ke kumatun. Ɗan fari ne, saboda haka tun ran da aka raɗa masa suna uban bai taɓa furta shi da bakinsa ba, don kunya irin ta iyaye, sai dai ya ce yaron nan, daga baya ya ce Ciroma. Yanzu ya janye amawali daga bakinsa, ya ɗaga murya yadda Galadima da fadawa da duk wanda ke tsaye a wurin zai ji.

Ya ce, "Tunau. Sannu, Tunau. Na ji amsarka."